"Sai mun kai su Hague": tambayoyi da amsoshi kan kotun hukunta laifukan yaƙi

A Jos, duk lokacin da aka yi asarar rayuka, kafin a tashi daga zaman makoki za ka ji wata ƙungiya ta tara 'yan jarida tana cewa za ta kai ƙara kotun duniya. Wannan ɓangare ya faɗa, wancan ma ya faɗa. Mun fi shekara ashirin muna jin haka, kuma har yau ba mu ga wanda aka saka a jirgi daga filin jirgin Heipang aka nufi Holan da shi ba. Yawancin tambayoyin nan a teburin mai shayi na Bauchi Road da majalisar bayan la'asar na tsinto su, wasu kuma a waya aka yi mini. Ni ba ma'aikacin kotun ba ne, mai bibiyar shari'o'inta ne kawai.

Kotun duniyar nan, ba ita ce ta ba Kamaru Bakassi ba?

A'a, maƙwabciyarta ce. Kotuna biyu ne a gari ɗaya, birnin Hague na ƙasar Holan, kuma rediyo kan kira kowacce "kotun duniya", shi ya sa ake rikita su. Wadda ta yanke hukuncin Bakassi a Oktoban 2002 ita ce ICJ, kotun Majalisar Ɗinkin Duniya mai raba gardama tsakanin ƙasa da ƙasa. Ba ta ɗaure kowa. Tamu ta yau ita ce ICC, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. Ita mutum take gurfanarwa, da sunansa da na ubansa, ba ƙasa ba, ba ƙabila ba, ba jam'iyya ba. Ƙasashen da suka amince da ita su ne suke zaɓar alƙalanta 18, kowanne ya yi shekara tara ya sauka, su ne kuma suke biyan kuɗin tafiyar da ita. Ɗan Najeriya, Mai Shari'a Chile Eboe-Osuji, ya shugabance ta daga 2018 zuwa 2021.

Yaushe aka kafa ta?

Ran 17 ga Yulin 1998 aka amince da yarjejeniyar kafa ta a birnin Rum: ƙasa 120 suka ce e, bakwai suka ce a'a. Ta soma aiki ran 1 ga Yulin 2002. Riƙe wannan rana, za mu dawo kanta. Sanigal ce ƙasar da ta fara shiga, Najeriya kuma ta shiga a Satumban 2001.

Kafin nan sai ta'asa ta riga ta auku ake kafa kotun wucin gadi. An yi ta Nuremberg a 1945 don manyan 'yan Nazi, aka yi ta Tokyo, sannan ta tsohuwar Yugoslabiya a 1993 da ta Ruwanda a 1994. Ta Ruwandan a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ta zauna, ita ce ta yi wa tsohon firaminista Jean Kambanda ɗaurin rai da rai. Masu kafa ICC cewa suka yi, a daina haƙa rijiya sai gobara ta tashi.

Waɗanne laifuka take hukuntawa?

Huɗu ne rak. Akwai kisan ƙare dangi, wanda ba yawan gawa ke tabbatar da shi ba, niyya ce: sai an nuna cewa nufin mai laifin shi ne shafe wata al'umma, duka ko wani sashe nata, saboda ƙabilarta, addininta, launinta ko asalin ƙasarta. Akwai cin zarafin bil'adama, wato kisa, fyaɗe, bautarwa, azabtarwa ko korar jama'a daga muhallinsu, muddin an yi su cikin wani babban farmaki ko tsararren shiri kan fararen hula, bisa manufar gwamnati ko ta wata ƙungiya. Akwai far wa wata ƙasa da yaƙi ba bisa ƙa'ida ba, wanda sai a Yulin 2018 kotun ta sami hurumi a kansa. Sai laifukan yaƙi.

Wannan na ƙarshe shi aka fi ambata, shi kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Soja ya harbe soja a fagen fama, kotun ba ruwanta. Laifi yana farawa ne inda aka taɓa wanda ba ya faɗa: a auna kasuwa da gangan, a kashe wanda ya ɗaga hannu ya miƙa wuya, a gallaza wa fursuna, a ƙona asibiti, makaranta, masallaci ko coci, a yi garkuwa da mutane, a ba yaron da bai kai shekara 15 ba bindiga. Tushen dokokin shi ne yarjejeniyoyin Jeniba na 1949. Wanda ya zauna gaban malami a zaure ba zai ji su baƙi a kunnensa ba, domin wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham ta hana kashe mata da yara da tsofaffi, ta hana sare itace mai 'ya'ya, ta ce a ƙyale masu ibada a wuraren ibadarsu.

Amma akwai sharaɗi: ba laifin yaƙi sai akwai yaƙi. A ma'aunin doka, tarzoma ko faɗan unguwa da unguwa, komai muninsa, bai zama yaƙi ba sai da tsararrun mayaƙa masu shugabanci da kuma faɗan da ya yi tsanani ya ɗore.

To rikice-rikicen Jos fa? Me ya hana a kai su can?

Wani dattijo ya taɓa samuna da wannan tambaya. Ya zo da baƙar leda, ya kwance ta a hankali a kan benci: hotunan shagonsa da ya ƙone, takardar asibiti da ta yi ja don tsufa, da katin makarantar ɗansa. Ya ce, "Ɗana, ofishinsu na Abuja nake nema, in kai musu da hannuna." Na ce, "Baba, sai haƙuri, ba su da ofishi a Abuja." Na tambaye shi wane rikici ne. Ya ce na farkon nan, na ranar Juma'a.

Amsar da ta biyo baya ta fi ta farko nauyi a bakina. Rikicin 7 ga Satumban 2001 ya riga kotun zuwa duniya, kuma dokarta ta hana ta waiwayar duk abin da ya faru kafin 1 ga Yulin 2002. Abin takaici, makonni uku bayan wannan rikici Najeriya ta shiga yarjejeniyar. Haka yaƙin basasar Biyafara, haka Maitatsine, haka Zangon Kataf: duk ƙofa a rufe take.

Na baya kuwa, Yelwan Shendam a 2004, Nuwamban 2008, Janairu da Maris na 2010, lokacinsu ya faɗo cikin hurumin kotun, kuma ofishin mai gabatar da ƙara ya duba su. A Nuwamban 2010 aka bayyana cewa ana binciken share fage kan Najeriya. Rahoton 2013 ya ce bayanan da ke hannu ba su isa su nuna cewa kashe-kashen tsakanin al'ummomi an yi su bisa manufar wata gwamnati ko ƙungiya ba. Babu ɓangaren da wannan ya yi wa daɗi, don kowa a garin nan ya yi imani cewa abin da aka yi wa nasa shiryayye ne. Amma imani daban, hujja daban. Rahoton bai ce ba a yi kisa ba. Kisa da ƙone-ƙone laifuka ne a dokar Filato tun kafin a yi mafarkin ICC, kuma kwamitocin bincike, daga na Niki Tobi zuwa na Bola Ajibola, sun zauna a garin nan sun saurari shaidu. Inda rahotanninsu suka kwana, wannan tambaya ce ta gida.

Ni kaɗai zan iya shigar da ƙara?

Ƙara a'a, bayani e. Sashe na 15 na yarjejeniyar Rum ya ba kowa damar aika wa mai gabatar da ƙara abin da ya sani, ba kuɗi, ba sai da lauya ba. Dubban irin waɗannan takardu sun isa ofishin, galibinsu kuma a nan suke tsayawa. Saboda haka idan ka ji ƙungiya ta ce ta "maka wane a ICC", wasiƙa ta aika. Takardar da suke nunawa mai tambarin kotun shaidar karɓa ce, irin wadda masinja ke ba ka a sakatariya.

Hanyoyin buɗe bincike uku ne: ƙasa mamba ta miƙa batun, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tura shi, ko mai gabatar da ƙara ya ɗauka da kansa bayan ya sami izinin alƙalai.

Idan laifin ya cika sharuɗɗa, shi ke nan sai ta shigo?

Saura ɗaya, kuma shi ne ƙashin bayan tsarin duka. ICC ba ta sha gaban kotunan gida. Sai ƙasa ta gaza, ko ta ƙi, ko ta yi shari'ar je-ka-na-yi-ka don ta kare nata, sannan kotun take da hurumi. Ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce da ke saman Kotun Ƙoli. Wannan ya sa gwamnatoci suka iya wata dabara: da sun ji motsin Hague sai a kafa kwamiti, a gurfanar da 'yan ƙananan, a ce ga shi muna yi.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: sashe na 12 na kundin tsarin mulkinmu ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Ƙudirin shigar da yarjejeniyar Rum ya sha shiga majalisa yana fita.

Ina aka kwana kan Boko Haram da sojoji?

Ran 11 ga Disamban 2020 Fatou Bensouda, 'yar Gambiya da ke riƙe da ofishin mai gabatar da ƙara a lokacin, ta rufe binciken share fage bayan shekara goma. Ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da rassanta sun aikata laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama: kisa, fyaɗe, auren dole, garkuwa da mutane, kai hari makarantu da wuraren ibada, sa yara yaƙi. Ta ce mafi yawan ta'asar tasu ce, amma jami'an tsaron Najeriya su ma akwai dalilin tuhumarsu da kisa, azabtarwa, ɓatar da mutane da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba. Shari'o'in da Najeriya ta fara yi wa waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji a 2017 ba su gamsar da ita ba, domin galibi ƙananan mabiya suka shafa. Ta kuma koka da ƙarancin kuɗi da ma'aikata, ta bar wa magajinta Karim Khan. Shekaru sun shuɗe bayan nan ba a ji sammacin kowa ba.

Tana da 'yan sandanta?

Ko ɗaya. Sammaci take bayarwa, ƙasashe su kama, in sun ga dama. Mu ma shaida ne. An fitar da sammacin Omar al-Bashir a 2009 da 2010 kan Darfur, amma a Yulin 2013 ya sauka Abuja taron Tarayyar Afirka, aka shimfiɗa masa jan kafet. Masu fafutuka suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, shi kuwa bai jira ƙarshen taron ba ya koma Khartum. Joseph Kony, madugun 'yan tawayen Yuganda, tun 2005 ake nemansa. Putin, da aka ba da sammacinsa a Maris na 2023, ya je Mongoliya a 2024 ya dawo lafiya, alhali mamba ce.

Sai dai kar a manta da Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya. Yana zaman mafaka a Kalaba tun 2003, da ya ji iska ta juya a Maris na 2006 sai ya sulale, aka cafke shi a Gamborun Ngala yana shirin tsallakawa Kamaru. Ba ICC ce ta yi masa shari'a ba, kotun musamman ce ta Saliyo da ta yi zamanta a Hague, ta ɗaure shi shekara 50 a 2012. Yana kurkuku a Ingila. Rana dubu ta ɓarawo.

Shugaban ƙasa ba ya da rigar kariya? Sojan da aka ba umarni fa?

A gaban ICC muƙami ba ya kare kowa, haka sashe na 27 na yarjejeniyar Rum ya ce. Kwamanda kuma ana iya kama shi da laifin yaransa idan ya sani, ko ya kamata ya sani, bai hana ba kuma bai hukunta ba. "Oga ne ya ce" ba ta wanke ƙaramin soja idan umarnin ɓarnarsa a fili take, kuma umarnin kisan ƙare dangi ko cin zarafin bil'adama kullum a haka doka take ɗaukarsa.

Gaskiya ne 'yan Afirka kawai take farauta?

Zargin yana da tushe. Duk wanda kotun ta samu da laifi a shekaru ashirin na farko ɗan Afirka ne, kuma sai a 2016 ta buɗe bincike na farko a wajen nahiyar, a Jojiya. Amurka, Rasha da Sin ba mambobi ba ne, amma suna zaune a Kwamitin Sulhu suna tura wasu. Haka aka tura Darfur a 2005 da Libiya a 2011, da aka zo kan Siriya a 2014 sai Rasha da Sin suka hau kujerar naƙi. An rufe batun sojojin Birtaniya a Iraƙi a 2020 ba tare da tuhumar kowa ba. A Afganistan kuma Khan ya ce zai mai da hankali kan Taliban da IS, abin da ya jingine zargin da ake wa Amurkawa. Ɗan mowa da ɗan bora ke nan.

Amma daddawar ma da wari. Yuganda, Kwango, Afirka ta Tsakiya da Mali, gwamnatocinsu ne da kansu suka kira kotun, yawanci don ta taya su maganin 'yan tawaye. Shugabannin da suka fi ɗaga murya cewa kotun ta 'yan mulkin mallaka ce, sai da sammaci ya doso fadarsu suka gane haka. Kuma waɗanda aka kashe a Ituri ta Kwango da Darfur su ma 'yan Afirka ne, ba a cika tuna wannan ba idan ana muhawarar.

Kwanan baya lamarin ya ɗan sauya. A Nuwamban 2024 an ba da sammacin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant kan Gaza, a Maris na 2025 aka kai Rodrigo Duterte na Filifin Hague. Amurka kuwa, wadda ta taɓa ƙaƙaba wa Bensouda takunkumi a 2020, ta sake yin haka ga Khan da wasu alƙalai. A ganina kotun ba ta son kai a cikin ɗakin shari'a kamar yadda ake faɗa. Son kan yana bakin ƙofa, wajen wa ake iya kawowa.

Me ya sa shari'arta take tafiyar hawainiya?

Ɗauki ta farko. An kai Thomas Lubanga na Kwango Hague a 2006, aka fara shari'a a 2009, aka same shi da laifin sa yara yaƙi a 2012, shekara 14. Kafin a fara shari'a sai wasu alƙalai sun tantance tuhumar, sannan wasu uku su saurare ta, sannan biyar su saurari ɗaukaka ƙara. Shaidu suna can wata nahiya, wasu cikin daji, wasu a tsorace. Ana ɓoye fuskarsu a sauya muryarsu, wani lokaci a sauya musu gari. Kowace kalma sai tafinta ya juya ta zuwa Ingilishi da Faransanci. Ga shi ba a yin shari'a sai wanda ake tuhuma yana zaune a gaban alƙalai.

Kuma zuwa Hague ba ya nufin an gama da mutum. An wanke Jean-Pierre Bemba, tsohon mataimakin shugaban Kwango, a ɗaukaka ƙara a 2018. An sallami Laurent Gbagbo, tsohon shugaban Kodebuwa, a 2019, ya koma Abijan a 2021 ana yi masa kiɗa. Tuhumar Uhuru Kenyatta na Kenya ta rushe a 2014, ta William Ruto a 2016, bayan shaidu sun yi ta janyewa.

Tana yanke hukuncin kisa?

A'a. Shekara 30 ce iyaka, sai ɗaurin rai da rai idan laifin ya wuce misali. Bosco Ntaganda na Kwango ya sami 30 ɗin. Kurkukun wata ƙasa da ta yarda ake kai mutum ya yi zamansa.

Yaron da aka sace aka tilasta masa ɗaukar bindiga fa?

Kotun ba ta shari'ar abin da mutum ya aikata kafin ya cika shekara 18. Matsalar tana ga wanda ya girma a cikin daji. Dominic Ongwen yana yaro mayaƙan Kony suka sace shi a hanyar makaranta, ya tashi a hannunsu har ya zama kwamanda. A 2021 aka same shi da laifuka 61, aka ba shi shekara 25. Alƙalai sun yi la'akari da sace shin wajen sassauta hukunci, amma ba su ɗauke shi uzuri ba. Duk mai tunanin yaran da suka girma a Sambisa, wannan shari'a ta shafe shi.

Waɗanda aka zalunta suna samun diyya?

Suna samu, amma sai an sami wani da laifi, kuma sai waɗanda laifin nasa ya shafa. Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, wanda ya jagoranci rusa hubbaren waliyyan Tumbuktu a 2012, ya amsa laifinsa a 2016, ya nemi gafara, aka ɗaure shi shekara tara, aka ɗora masa diyyar yuro miliyan 2.7. Ba shi da ko sisi, sai asusun tallafa wa waɗanda aka zalunta ne ya ɗauki nauyin, shi kuma da gudummawar ƙasashe yake rayuwa. Suna kuma da damar shiga shari'ar ta bakin lauyoyinsu, ba a matsayin shaidu kawai ba.

Idan ba Hague ba, ina mutum zai dosa?

Kotun ECOWAS tana nan Abuja. Ba ta ɗaure mutum, gwamnati ake kai ƙara kan take haƙƙi, ciki har da sakaci wajen kare rai, kuma ba sai ka gama zagaya kotunan gida ba. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa, akwai babbar kotun jiha da ta tarayya. Ba na cewa hanyoyin nan suna da sauƙi, ko hukuncinsu ana bin sa nan take.

Mutanen Cadi sun nuna wata hanyar. Tsohon shugabansu Hissène Habré ya gudu Sanigal a 1990. Wani tsohon fursunansa, Souleymane Guengueng, ya bi waɗanda suka tsira da iyalan mamata yana rubuta bayanansu, ya ɓoye takardun a gidansa. A 2001 kuma aka gano tarin takardun 'yan sandan sirrin Habré a Injamena. Da waɗannan aka yi ta bugawa har wata kotu ta musamman a Dakar, mai alƙalan Afirka, ta yi masa ɗaurin rai da rai a Mayun 2016. Shekara 26 ke nan.

Me ya kamata wanda abin ya shafa ya adana?

Kwanan wata, wuri da lokaci. Sunan mamaci cikakke da inda aka binne shi. Takardar asibiti, rahoton 'yan sanda in an samu, da sunayen waɗanda suka gani da idonsu, a raba su da waɗanda labari suka ji. A rubuta tun abin yana sabo, a yi kwafi a ajiye a gida fiye da ɗaya. Kada a ƙara ko mutum ɗaya a kan adadin, lauyan wanda ake tuhuma ƙari ɗaya yake nema ya rushe saura. Hoto da bidiyo kuma a bar na asali a cikin wayar da ta ɗauka ko a katinta, domin wanda ya bi ta WhatsApp yakan rasa bayanan rana da wurin da aka ɗauke shi.